Tabawa da Ɗakin Ƴan Lekwal

Gidan Tabawa yana unguwar Obitara, a ƙarshen wani lungu da raƙumi mai kaya ba ya iya shiga sai an sauke masa rabi. Gida ne na jar ƙasa kamar sauran gidajen Agadas, zaure ɗaya, ɗakuna biyu, da tsakar gida inda wata magarya ta tsufa tana zubar da ƴaƴa ba mai tsinta. In ka tsaya a gindinta ka ɗaga kai, kana hangen kan hasumiyar babban masallaci, sandunanta sun fito waje kamar haƙarƙari. A gidan nan Tabawa ta yi zaman aure, a nan ta haifi ɗiyarta Habsa, a nan kuma mijinta Garba ya rasu, ba da jimawa ba bayan an gama yaƙin Turawa.

Garba fatoma ne. Shi ke saukar da ƴan ayari in sun gangaro daga duwatsun Abzin, ya ba su wurin kwana, ya nemo musu masu sayen gishiri da dabino, su kuma in za su tashi su bar masa abin da Allah ya sa. Ba a taɓa cewa baƙo ya biya kwanan da ya yi ba, jin maganar ma kunya ne. Da ya rasu sai fataken suka koma wajen wasu mazan, domin mace ba ta zuwa zango ta tsaya ciniki. Habsa kuma mijinta ya tafi da ita Damagaram. Gida ya yi shiru. Tabawa ta rage ita kaɗai da kabarta, tana saƙar tabarma daga hantsi har la'asar, yatsunta na tafiya, idonta na kan ƙyauren ɗakin Garba.

Ba ta taɓa komai a ɗakin ba. Babban gadon Abzin yana nan mai sassaƙaƙƙun ƙafafu, irin wanda ake jera wa sanduna a shimfiɗa tabarmi a kai. Ga ƙaramin gadon kara a ɗaya gefen inda yaron baƙo kan kwana, ga randa, ga fitila a cikin alkukin bango, ga barguna da buta da akushi. Duk Juma'a takan shiga ta share, ta kakkaɓe, ta fito ta ja ƙyaure.

Maƙwabciyarta Kadidia mai tuyar masa ce ta fara kawo maganar. Ta leƙo ta kan katanga, hannunta duk mai.

"Ke dai zauna kina gadin gado. Gara ce za ta gaje ki."

"To ya kike so in yi da shi? In kai kasuwa?"

"Ba ki ga yaran da ake ta kawowa lekwal, makarantar nan ta Nasara, ba? Daga Damargu, daga Ingal, har daga cikin duwatsu. Suna zuwa da riga ɗaya a wuya, ba dangi, ba tabarma. Wanda ya ba su ɗaki fanko ma iyayensu godiya suke yi, balle ke mai gado kamar na amarya."

"In karɓi ladan kwana, Kadidia? A ɗakin Garba?"

"Garba ya bar miki rumbu ne? Karɓi hatsi in kuɗi ke ba ki kunya. Hatsi ba ya ƙara a aljihu."

Tabawa ta yi kwanaki tana juya maganar. Ɗan lekwal ba ya zuwa da mata, ba ya zuwa da awaki, in damina ta faɗi ya tafi gida ya bar mata ɗakinta ta sha iska. Wannan duk alheri ne. Amma kuma yaro ne, kuma ɗan wani ne. Hannun yaro bai san darajar gadon da aka sassaƙa tun kafin a haifi ubansa ba. Ta kan kai nan ta tsaya, ta koma farko, kamar mai warware saƙar da ta karkace. A ƙarshe yunwa ba ta yanke mata shawara ba, shirun gidan ne ya yanke.

Wanda ya fara zuwa Sha'aibu ne, ɗan wani mai sayar da yadi a Tanut, yaro mai faɗin baki da bai kwana biyu ba ya san sunan kowace akuya a lungun. Ya ɗauki gadon kara domin ya ce babban ya yi masa kama da na gawa. Tabawa ta ce ya tofar da yawu, ya tofar yana dariya.

Na biyun ya zo ne lokacin da ayarin gishiri ke shirin tashi. Wata safiya aka yi sallama a zaure da wata murya da ta sani. Bahago ne, ɗaya daga tsofaffin baƙin Garba, mutumin Timiya, dogo, rawaninsa ya rufe komai sai idanu. A bayansa wani yaro siriri na tsaye, ya kama gefen rigar uban da yatsu biyu, ko da yake ya wuce shekarun yin haka.

"Matar Garba," in ji Bahago bayan doguwar gaisuwa da ta'aziyyar da ya riga ya yi bara, "an ce wa tambarinmu, shugaban danginmu, ya ba da yara lekwal. Abin ya faɗo kan wannan, Illiya. Ba na son ya kwana inda ban san mai tukunyar ba. Na ji kin buɗe ɗakin."

"Na buɗe."

"To ga shi. Za mu Kawar ɗauko gishiri, daga can mu sauka Hausa. Kafin ruwan farko zan biyo. Nan na bar shi, nan zan zo in same shi."

Ya sa aka shigo da kantun gishiri da buhun dabino aka jingine a zaure, bai dube su ba, ita ma ba ta duba ba. Ya ɗora hannun hagunsa a kan yaron ɗan lokaci, ya juya ya fita. Tabawa ta ji maganarsa ta ƙarshe ta zauna mata a ƙirji kamar dutsen niƙa. Ta ba da ɗaki haya, ga shi an bar mata mutum.

Watannin farko sun koya mata abin da Kadidia ba ta faɗa ba. Tawada ta zube a kan tabarmar da ta fi so, baƙi ƙirin, ta wanke har kaba ta yi laushi bai fita ba. Man fitila da kan kai ta wata guda ya koma ƙarewa a mako. Marfin randa ya fashe, aka ce kyanwa ce. Wata rana suna kokawa sanda ɗaya ta babban gado ta tsage, Tabawa ta ɗauke ta ta shiga ɗakinta ta zauna da ita a cinya har magariba. Sha'aibu kuma ya kan tsaya gindin magarya yana rera karatun Faransanci da ƙarfi, yana kwaikwayon tafiyar mushensu, wato malamin lekwal, hannu a baya, ciki a gaba.

"Inna, ce bonjur."

"Bonjur ɗin uwaka. Je ka ɗebo ruwa."

Amma fa ana ɗebo ruwan. Randa ba ta ƙara bushewa ba. In ta dafa tuwo akwai mai cewa a ƙara, in ta yi tari akwai mai tambaya lafiya. Da asuba takan ji motsin buta a bayan ɗaki, ta ji gidan yana numfashi kamar da. Ta yi ƙiba kaɗan a shekarar nan, Kadidia ta lura ta faɗa wa duk lungu.

Illiya shi ba ya fasa komai. Gefensa na ɗakin kullum a gyare yake, bargo a ninke, allon lekwal a jingine. Yana ce mata Anna, yadda ake kiran uwa a wajensu, kuma ba ya ɗaga ido in yana magana da ita. Hausarsa gajera ce, yana tsinto kalmomi ɗaya ɗaya kamar mai taka duwatsu a ƙorama. Tuwo bai dame shi ba, sai ta riƙa dama masa fura da cuku da dabino, ya sha ya ce madalla. Ita ce ma ta rataya masa tsohuwar salkar Garba a bakin ƙofa, domin ta lura ruwan randa ba ya yi masa daɗi, ya saba da ɗanɗanon fata. Abu ɗaya ne ba ta so. Kullum la'asar sakaliya sai ya hau soro ya zauna, fuskarsa arewa, inda duwatsu ke yin shuɗi in rana ta yi sanyi. Ba ya waƙa, ba ya kuka, zama kawai. Ita kuma a ƙasa saƙarta sai ta riƙa ɓacewa.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Bazarar Agadas ba ta da tausayi. Tun hantsi bango ke ɗaukar wuta, tsuntsaye su buɗe baki a inuwa, rijiyoyin daji su ja ruwansu ƙasa ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan zafin ne labari ya zagaya gari: wani yaron Abzin da ke zaune a gidan Usman maƙeri ya gudu. Ya naɗe tabarmar da aka ba shi, ya saɓa salkar gidan, ya kama hanyar garinsu. Masu raƙuman gwamnati suka bi sawu suka same shi a bakin wata rijiya da ta ƙafe, harshensa ya kumbura, da ƙyar aka ceto ransa. Usman kuma aka kira shi bariki ya wuni yana amsa tambaya.

Kadidia ta kawo labarin da zafinsa, ta zauna bakin murhu.

"Su fa haka suke. Ba su da kaya, ba su da nauyi. Tabarma da salka kawai, sai ki nemi yaro ki rasa. Naki ma ina ganinsa a soro."

"Illiya ba ya haka."

"Na Usman ma ba ya haka, har ranar da ya yi."

Zuwa bariki bai tsorata Tabawa ba. Abin da ta riƙa gani shi ne zaurenta, da Bahago tsaye a ciki ya sauko daga tafiyar wata da watanni, yana duban bayanta yana jiran yaro ya fito. Me za ta ce masa? Da wane baki? Tun daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. In yaran sun tafi lekwal takan shiga ɗakin ta tsaya tana duban kayan da ta jera da hannunta, sai ta ga duk sun sake kama. Bargon nan na kwanan daji ne. Jakar fatar da ke rataye ta zuba dabino ce. Salka kuwa, ai ita ce hanyar kanta. Ashe ba ɗaki ta shirya wa yaron ba, guzuri ta haɗa masa.

Ta fara da salkar. Da ya dawo ya ga ƙusar ba komai, ta ce, tana duban saƙarta, "Tana yoyo. Zan shafa mata mai."

"To, Anna."

Bayan kwana kaɗan ta ɗauke bargon, ta ce zafi ya yi, me za a yi da bargo. Na Sha'aibu yana nan a kan gadon kara, ba ta tuna da shi ba ma, domin ɗan Tanut ba ya gudu ko an kore shi. Sannan jakar fata. Sannan butar ƙarfe, ta musanya masa da ta ƙasa mai nauyi. Duk abin da ta ɗauka sai ta kai ɗakinta ta tura ƙarƙashin gado, ta ji ƙirjinta ya ɗan saki, zuwa la'asar kuma ta ga yaron a soro, ƙirjin ya sake ɗaurewa.

"Inna," in ji Sha'aibu yana suɗe hannu, "gefen Illiya fa ya zama masallaci. Gobe ƙyauren za ki cire?"

"Ci tuwonka."

"Ni dai in za a kwashe, a fara gaya mini in ɓoye wandona."

Illiya bai yi dariya ba. Ya ajiye ludayinsa a hankali ya ce ya ƙoshi.

Ran Laraba ta naɗe tabarmin babban gadon duka, ta bar sanduna tsirara. Ta ce bakinsu ya fara warwarewa, za ta ɗinke. Yaron ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda take naɗewa, ta ɗaure da igiyar kaba, ta ɗora a kai ta wuce ta gabansa. Wannan karon ko to bai ce ba.

Alhamis ba a zuwa lekwal. Tabawa ta fita da sassafe kai tabarmi wajen mai saye, ta dawo rana ta ɗaga. Ta tarar da Sha'aibu shi kaɗai a gindin magarya yana jifan ƙadangare.

"Ina ɗan'uwanka?"

"Na tashi ban gan shi ba. Na ce ko ke kika aike shi."

Ta shiga ɗakin. An share gefen Illiya tas, har sawun tsintsiya na nan a ƙasa. Sandunan gado an goge su an jera daidai. Butar ƙasa tana wurinta, cike. Allonsa da rigarsa ta biyu ne kawai babu. Bai ɗauki ko zare na gidan ba.

Ta fito ta shiga nata ɗakin ba ta san abin da ya kai ta ba, ta durƙusa, hannunta ya taɓa salkar a ƙarƙashin gado, busasshiya, a lanƙwashe. Yaron Usman da ya kusa halaka, da ruwa ya tafi. Nata ya fita cikin wannan rana hannu wofi, kuma ita ce ta ɓoye ruwan.

"Kadidia! Kadidia!"

Kadidia ta fito da ludayin tuya. Da ta ji, ta ce a je a gaya wa bariki tun da wuri su fitar da raƙuma. Tabawa ta ce a'a, kafin a gama tambayarta sunan uba da na kaka rana ta raba tsaka. Ta jiƙa salkar, ta cika ta daga randa har tana tsiyaya, ta ɗora a kai, ta ce wa Sha'aibu kada ya motsa daga gidan. Mace mai shekara hamsin da wani abu, wadda tun rasuwar mijinta ba ta wuce kasuwa ba, ta fita.

Ta fara biyawa zango. Wani mai sayar da igiya ya ce ya ga yaro siriri da allo a hammata ya bi hanyar arewa tun rana ba ta yi zafi ba. Shi kaɗai? Shi kaɗai. Da ruwa? Mutumin ya girgiza kai.

Bayan gidajen ƙarshe ƙasa ta buɗe, fara fat, ba inuwa sai ta ƙaya. Rairayi ya riƙa shiga takalminta yana cin tafin ƙafa. Iska na tasowa kamar daga bakin tanda. Can gaba duwatsun da yaron ke kallo sun narke cikin hasken, ba shuɗi, ba komai, sai wani fari mai rawa. Ruwan salka yana ɗiga mata a wuya yana bushewa kafin ya kai ƙirji, ba ta sha ko kurɓi ba. Duk baƙin abin da ta hango a ƙasa sai zuciyarta ta tsaya, in ta matso ta ga kututture ne ko mushen akuya. Tana tafiya tana kiran sunan Allah, tana kiran na yaron, wani lokaci ta rasa wanne take kira.

Inda hanya ta gangara ƙoramar Telwa, goriba ta fara yawa, ƙasa ta yi duhu kaɗan. Nan garake suke, inda masu noman rani ke jan ruwa da takarkari. Tun daga nesa ta ji kukan itacen rijiya, yana tashi yana sauka. Ta nufi garkar farko don ta yi tambaya. Mai garkar, wani tsoho da ake kira Nomau wanda kan kawo albasa kasuwa, yana tsugune yana buɗe wa ruwa hanya da hannu. A bayansa takarkari na tafiya yana komowa da igiyar guga, kuma mai jan akalarsa yaro ne siriri, ya naɗe riga zuwa gwiwa.

Tabawa ta sauke salkar a ƙasa. Ta zauna kusa da ita.

"Yaya Tabawa?" in ji Nomau. "Ke ce a cikin wannan rana? Wa ya mutu?"

Ita yaron take kallo. Illiya ya tsayar da san, ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, ido a ƙasa.

"Naki ne?" in ji Nomau. "Da safe ya zo. Ya ce in bar shi ya riƙa kwana a bukka yana ja mini ruwa, da safe ya tafi lekwal. Na ce daga nan? Ya ce ba nisa. Na tambaye shi mai masaukinsa, ya ce ta sallame shi."

"Na sallame ka?" in ji Tabawa. "Ni? Yaushe na buɗe baki na ce ka tafi?"

"Ba ki ce ba, Anna."

"To?"

Ya daɗe yana neman kalmomin.

"Kin ɗauke salka. Kin ɗauke bargo. Na Sha'aibu yana nan. Na ce ko na yi laifi, na jira ki faɗa. Jiya kin naɗe tabarma." Ya ƙara da cewa, "Ina ƙarami, uwata ta naɗe tabarma. Ta cire sandunan gado, ta ɗora wa jaki. Abba ya dawo daga kiwo, ya tsaya, ya gani. Bai tambaya ba. Ya ɗauki sirdinsa. Namiji ba ya jira a gaya masa."

Nomau ya cire hannu daga ruwa ya dube ta.

Tabawa ta san wannan. Kowa a Agadas ya sani: a Abzin ɗaki da abin da ke cikinsa na mace ne, in ta naɗe shimfiɗa zama ya ƙare, ba sai an yi faɗa ba. Ta sha jin baƙin Garba suna yi wa juna ba'a da haka a zaure. Amma ta ɗauka maganar miji da mata ce. Bai taɓa zo mata ba cewa yaron da take dama wa fura yana lissafa kansa cikin maza, yana kallon hannunta yana karanta abin da bakinta bai faɗa ba.

"Tsoro na ji," ta ce. "Na ga kana hawa soro. Na ce za ka gudu kamar na gidan Usman, rana ta kashe ka a hanya. Na ɓoye kayan don kada ka samu abin tafiya."

Yaron ya ɗago ido, karo na farko tun zuwansa gidanta. Mamaki ne a ciki.

"Abba ya ce nan zai same ni."

"To ba ka son gida?"

"Kullum."

"Za ka tafi?"

"Bai ce ba."

Nomau ya yi wata gajeriyar dariya, ya tsinko tumatir ya miƙa mata. "Ci, Yaya, kin yi fari kamar toka. Ke kin ɓoye ruwa don kada ya tafi, shi ya tafi don kin ɓoye ruwa. Ni kuma na yi asarar ma'aikaci, ga shi san ya fi jin maganarsa da tawa."

Sai da rana ta karya suka kamo hanya, yaron na ɗauke da salka, ita tana bin bayansa tana ɗingishi. Suka iso gida. Kafin magariba ta fito da komai daga ƙarƙashin gadonta. Ba ta bar kowa ya taya ta ba. Ta shimfiɗa tabarmin ɗaya bisa ɗaya, ta ninke bargo a kai duk da zafin, ta mayar da jaka da buta, ta cika salka ta rataya a ƙusarta, yaron na tsaye yana gani.

Kada a ce hankalinta ya kwanta daga ranar. Bai kwanta ba. Illiya ya ci gaba da hawa soro, ita ta ci gaba da ɓata saƙa. Abin da ya sake shi ne, yanzu ta san duk abin tafiya yana hannunsa, kuma ba abin da ke riƙe da shi sai kalma ɗaya da ubansa ya faɗa a zaure. Kowace safiya in ta ji motsin buta biyu a bayan ɗaki sai ta ce alhamdu lillahi. In ta ji ɗaya, takan riƙe numfashi har ta biyun ta motsa. Haka ta ƙarasa bazarar, tana ramewa, Kadidia na faɗa wa lungu.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, bai zubar ba tukuna, ran da aka yi sallama a zaure. Tabawa ta tashi, zaninta ya kama ƙafarta, ta gyara. Bahago ne, ya ƙara baƙi, rawaninsa ya koɗe. Suka gaisa, ya tambayi gida, ta tambayi hanya, ya tambayi zafi, ta tambayi raƙuma. Idonsa na bayanta.

"Illiya," ta kira, ba ta juya ba. "Fito."

Yaron ya fito ya durƙusa. Uban ya dube shi daga sama har ƙasa, ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗarsa.

"Ya yi tsawo," ya ce. "Bai ba ki wahala ba?"

"Ko kaɗan."

Ta ji dutsen ya sauka daga ƙirjinta. Tana shirin cewa bari ta kawo ruwa, Bahago ya gyara murya.

"Bayan damina zai komo, in ɗakin na nan. Kuma an ce mu ƙara ɗaya. Ɗan ƙanena ne, Akamadu. Shi fa ba kamar wannan ba ne, matar Garba, gara in gaya miki. Ba ya zama wuri ɗaya. Bara sai a bayan dutse muka tsinto shi, ya bi barewa."

Tabawa ta dubi Illiya. Ya sunkuyar da kai, amma ta ga gefen bakinsa na motsi.

"Shekararsa nawa?"

"Bai kai wannan ba."

Ta ji dutsen yana dawowa, yana neman wurin zamansa na da a ƙarƙashin haƙarƙarinta.

"Kawo shi," ta ce.